Kujerun da Suka Makara

Ranar da babbar motar ta shigo unguwar, Basilla na kan bencinsa yana ɗinke bakin wani takalmin makaranta da ya buɗe. Mai gyaran takalmi ne shi, sunan kuma ya samo shi ne saboda tsawo da rashin jiki, har yara kan ce in ya juya gefe ba a ganinsa. Rumfarsa na bakin layin farko, tana kallon tsohon siton masaƙa, wanda aka shafe wata biyu ana yi masa fenti ba tare da an gaya wa kowa dalili ba.

Motar ta tsaya daidai ƙofar siton, aka saki murfin baya, aka shiga sauke kaya. Kujeru ne 'yan mitsi-mitsi, ja da kore da shuɗi, babu wadda ta kai gwiwar Basilla. Bayansu aka sauko da tebura masu gajerun ƙafafu, da agwagwar katako ta lilo, da kwali cike da ƙwallaye, da allo mai hoton giwa. Basilla ya ƙirga kujerun da ido yayin da ake jera su, suka kama sittin cif. Adadin ya yi masa kama da wani abu da ya taɓa sani, amma ya rasa ko mene ne.

Ciyaman, shugaban kwamitin unguwa, shi ya tuna masa. Ya fito daga layi na uku da takarda a hannu yana kaɗa ta, hula a karkace, baki har kunne.

"Basilla, ajiye takalmin nan ka tashi ka yi mini barka. Takardarmu ta fito."

"Wace takarda kuma, ranka ya daɗe?"

"Ta ɗakin reno mana. Ba kai ka raka ni ofis ba, har ruwa ya dake mu a hanya?"

Basilla ya ajiye takalmin a hankali. Ya tuna ruwan, ya kuma tuna 'yarsa Auta a kan wuyansa ranar, ta riƙe masa kunnuwa tana dariya.

"Ranka ya daɗe, wannan takardar ai shekararta goma sha biyu."

"To, sai me? Ba ta fito ba?"

Ga wanda bai san unguwar ba, ga yadda abin yake. Masaƙa ce ta gina gidajen, guda hamsin da biyu a layi huɗu, kowanne ɗaki biyu da 'yar tsakar gida, ta raba wa matasan ma'aikatanta. Kusan dukkansu angwaye ne a lokacin, don haka abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Igiyoyin shanya suka cika da ƙananan riguna, kuka ya riƙa tashi a layin farko ana amsawa a na huɗu. Ana cikin haka masaƙar ta rufe, maza da mata kowa ya fita neman sana'a, aka rasa inda za a ajiye yara. Ciyaman, wanda dā shi ne mai kula da siton, ya bi gida gida ya rubuta yara sittin 'yan ƙasa da shekara biyar, aka kai takarda ofishin kula da jin daɗin jama'a ana neman ɗakin reno. Ofis ya karɓa, ya buga hatimi, ya ce a dawo wani mako.

Yaran dai ba su jira wani makon ba. Sun yi haƙori sun zubar, sun shiga firamare sun fita. Ba a ƙara ko ɗaki ɗaya a unguwar ba, sababbin aure duk can bayan titin jirgi suke kama haya, matan layukan kuma ɗaya bayan ɗaya suka ce sun gode Allah haka nan. Yanzu in ka bi unguwar da yamma, muryoyin samari da suka fara buɗewa za ka ji, da rigima kan caja da madubi. Kujerun ba su da laifi, kyawawa ne, an kuma goge su sumul. Makara kawai suka yi.

Da la'asar Ciyaman ya dawo rumfar da gilashinsa, ya zauna kan bencin masu jira, ya sake karanta takardar, wannan karon har ƙasa. A nan murnarsa ta koma ciki. Ƙarshen takardar ya ce bayan wata guda jami'in ofis zai zo ya ga ɗakin yana aiki, ya ƙirga yara aƙalla talatin. In ba su kai ba, za a karɓi makulli, a kwashe kayan a kai wata unguwa.

"Talatin ai ba wani abu ba ne," in ji shi, da muryar mai lallashin kansa. "Ƙanana nawa muke da su yanzu?"

"Bakwai."

"Ka dai sake tunani."

"Bakwai ne, ranka ya daɗe. Takwas in Allah ya sauki matar mai wankin mota lafiya."

Ciyaman bai yi gardama ba, don ya san inda Basilla yake samo lissafinsa. Duk shekara, in an kusa komawa makaranta, iyaye kan kawo masa yara ya gwada ƙafarsu, ko don ya ɗinka musu sandal, ko don uwa ta tafi kasuwa da awo a jaka. Yakan ɗora ƙafar yaro kan kwali ya zagaye ta da biro. Da yake mutum ne mai tsumulmular kwali, ba ya yanko sabo: kowane yaro kwalinsa ɗaya, zanen bana ya zagaye na bara, na bara ya zagaye na bara waccan. Kwalayen suna rataye a jikin waya a bayan rumfar, layi layi, gida gida. Ba da niyyar ƙidaya ya fara ba, amma babu ofishin da ya san yaran unguwar kamar wayar nan.

Shi Basilla abin da ke cin ransa daban ne. Auta ta kai shekara goma sha shida, saura wata biyar ta zauna jarrabawar fita sakandare, kuma burinta ta karanta ilmin haɗa magunguna. A gida kuwa babu inda za ta buɗe littafi. Ɗaki ɗaya yayyenta maza biyu sun cika shi da kallon ƙwallo da musu, ɗayan kuma keken ɗinkin mahaifiyarta ba ya shiru sai in zare ya ƙare. Don haka kullum a ƙarshen bencin babanta take karatu, cikin warin gam, kowane mai kawo takalmi sai ya tambaye ta ajinta nawa. Ran nan gam ya ɗiga a littafinta, shafi biyu suka manne. Ta sa reza tana raba su a hankali, shi kuwa ya kwana uku yana jin kunyar abin.

Makullin ɗakin a hannunsa aka bari, tunda shi ne a bakin ƙofa. Da safe wata dattijuwa da kowa ke kira Goggo takan karɓa ta shiga da ƙananan nan bakwai, su ɓace cikin kujeru sittin, zuwa azahar a rufe. Rana ta huɗu da yamma Auta ta rufe littafinta ta dubi ƙofar.

"Baba, ɗakin can ba kowa a ciki."

"Na jarirai ne."

"Na ji Ciyaman yana cewa sunana ne na farko a takardar."

Ya dube ta, ya dubi makullin a jikin ƙusa, ya ciro shi. Ya miƙa mata, ya ce ta cire takalmi a waje don kada ta ɓata sabuwar ledar ƙasa.

Washegari ta zo da ƙawaye biyu. Kafin mako ya zagayo, da zarar an tashi daga makaranta sai ka ga 'yan mata da samari suna ɓullowa daga kowane layi da jakunkuna, suna zubar da takalma a bakin ƙofa. Wanda ya leƙa sai ya yi dariya: manya-manyan yara a duƙe, gwiwa ta kusa taɓa haɓa, littafi a kan tebur mai hoton kifi. Ɗan direba, wanda ya fi ubansa faɗi, kujera biyu yake haɗawa kafin ya zauna. Wata yarinya ta ce lissafi ba ya shiga kanta sai a kan agwagwa, aka bar mata ita. Amma fa karatu ake yi na gaske, manya na koya wa ƙanana, wanda ya cika surutu a kore shi. Basilla ya yanyanka tsohuwar taya ya jera a ƙarƙashin ƙafafun teburan, suka ɗan ɗaga. Tun da aka haifi Auta bai taɓa yi mata abin da ya kwanta masa a rai kamar miƙa mata makullin nan ba.

Shi kuwa Ciyaman kwanakin wata yake ƙirgawa. Da ya rage mako guda ya tara kwamiti a rumfar Basilla ya faɗi dabararsa.

"Ranar Alhamis jami'in zai zo, ƙarfe tara na safe. Kowa yana da 'yan uwa a wata unguwa. Kowa ya aro mana yaro ɗaya ko biyu, na rabin yini kawai."

"Yaro ake arowa kamar tabarma?" in ji mai shago.

"In kana da wata dabarar, faɗe ta."

Mai shago ba shi da ita. Basilla ma bai so abin ba, shi da ko tsohuwar sola ba ya shafa wa baƙi ya ce sabuwa ce. Amma ya hango Auta ta taga, ta duƙufa tana rubutu, sai ya amince. A ƙarshe ma shi ya fi kowa ƙoƙari, don 'ya'yan ƙanwar matarsa uku ya aro.

Ranar Alhamis tun ƙarfe takwas ɗakin ya cika. Yara talatin da huɗu, an yi musu wanka an shafa musu mai, sai ƙyalli suke yi, iyayensu mata na zaune a inuwa suna jira. Ciyaman ya sa babbar rigarsa, yana bin yaran ɗaya ɗaya yana koya musu cewa in an tambaye su, a nan layin suke. Ƙarfe tara ta yi, babu jami'i. Ƙarfe goma aka fara faɗa kan agwagwa. Sha ɗaya wani ya jiƙa leda, wata ta ciji Goggo, sauran suka haɗa baki suka ɗauki kuka irin wanda unguwar ta shekara goma ba ta ji ba. Matan layin suka fito ƙofar gida suna saurare, wasu na dariya, wata har da share ƙwalla. Zuwa ƙarfe ɗaya masu 'ya'ya suka ce su fa suna da aikin yi, kowacce ta saɓi nata ta kama hanya. Ciyaman ya ce kansa na sarawa, ya tafi gida ya kwanta.

Da aka taso daga makaranta Auta ta zo karɓar makulli. Basilla ya ga wanda bai zo da safe ba ai ba zai zo da yamma ba, ya ba ta. Ba a jima ba takalma suka taru a bakin ƙofa kamar kullum.

Ƙarfe huɗu da rabi wata tasi ta tsaya. Wata mata ta fito, mai matsakaicin shekaru, da jaka a kafaɗa da fayil a hammata. Taku biyu ta yi igiyar takalminta ta tsinke. Ta tsaya ta dubi ƙafarta, ta dubi rumfar, ta ɗingiso ta zauna kan bencin masu jira.

"Sannu da aiki, malam. A taimaka mini da wannan."

Basilla ya karɓi takalmin, ya juya shi. Duk takalmin da ke unguwar ya san shi, ya san na wane ne, wannan kuwa baƙo ne, kuma dunduniyarsa ta cinye irin cinyewar mai yawan hawa matakalar ofis. Ya saci kallon fayil ɗin, ya ga hatimin da ya gani shekara goma sha biyu da suka wuce. Su jami'i suke jira, ashe jami'a ce. Ya ɗaga ido ya yi wa mai shago alama, mai shago ya bar shagon a buɗe ya yi layi na uku da sauri.

Aikin minti biyar ne, amma Basilla ya mai da shi babban aiki. Ya nemi zare, ya ce bai dace ba, ya nemi wani. Ya goge allura. Ya duba ɗaya takalmin ma ko yana da ciwo. Abin da bai yi lissafi ba shi ne bencin da take kai yana kallon ƙofar ɗakin kai tsaye.

"Unguwa huɗu na zaga yau," in ji ta, tana fifita da fayil, "motar ofis kuma ta mutu mana a hanya. Wancan ne ɗakin renon?"

"Shi ne, ranki ya daɗe."

"Taro ake yi a ciki?"

Kafin ya buɗe baki Ciyaman ya iso yana haki, rigar a juye.

"Barka da zuwa, ranki ya daɗe, barka da zuwa. Yaran sun tashi tun azahar, talatin da huɗu, kowa ya gani. Waɗannan iyaye ne suke ɗan mitin."

Jami'ar ta daɗe tana kallon takalman. Baƙaƙe ne kusan duka, masu igiya, wasu da farar safa a cuse a ciki.

"Iyayen unguwar nan suna son takalmin makaranta," ta ce, ba ta ko yi murmushi ba. Ta juyo wajen Basilla. "Malam, kai ne masanin takalmi. Na su wane ne?"

Basilla ya dubi takalman. In ya bi bayan Ciyaman, wataƙila ta gaji ta sa hannu ta tafi. In ya faɗi gaskiya, makulli ya tafi, Auta ta koma ƙarshen benci da warin gam, saura wata huɗu jarrabawa. Ya buɗe baki zai ce na iyaye ne, idonsa ya sauka kan wani takalmi mai jan zare a dunduniya, wanda shi ya ɗinke shi da hannunsa makon jiya yana yi wa mai shi faɗan ja da ƙafa. Maganar ta ƙi fitowa. Zai iya yin ƙarya kan abubuwa da yawa, amma ban da takalmin da ya ɗinka.

"Na yara ne, ranki ya daɗe," ya ce. "Sai dai yaran sun girma."

Ciyaman ya zame ya zauna a ƙarshen benci ya dafe kai. Basilla kuwa, tunda bakin ya riga ya buɗe, sai ya miƙe ya kwance wayar kwalayen gaba ɗaya ya shimfiɗa a gabanta. Ya zaro guda bakwai ya ajiye gefe, masu ɗan zane ɗaya ko biyu da ba su fi tafin hannu ba.

"Waɗannan su ne ƙananan da muke da su. Na safe aro muka yi, ni ma uku na kawo, Allah ya yafe mana. Sauran duk ga su." Ya zaro wani kwali da ya yi laushi don tsufa. "Wannan ta wajena ce. Kin ga ɗan zanen nan na tsakiya? Shekarar da muka kai muku takarda ke nan. Wannan shekarar da ta shiga firamare. Wannan da ta yi zazzaɓi, kin ga bai matsa sosai ba. Duk shekara ƙafar na matsawa, takardarmu na nan inda take. Yanzu ba mai reno take nema ba, wurin da za ta buɗe littafi take nema."

Jami'ar ta karɓi kwalin ta bi zanen da yatsa tun daga ciki har waje, tana ƙirgawa a hankali. Ta ɗauki wani, ta ɗauki wani. Sannan ta buɗe fayil ɗinta ta zaro wata takarda da ta yi ja, Ciyaman na ganinta ya gane rubutunsa. Ta miƙe da ƙafa ɗaya ba takalmi, ta tsallaka titi, ta cire ɗayan ta ajiye cikin na yaran, ta yi sallama ta shiga. Su biyun suka bi ta a baya.

Ɗakin ya yi tsit. Yara suka yi ƙoƙarin miƙewa, kujeru suka biyo wasu a baya. Ta ce kowa ya zauna, wanda ya ji an kira shi ya amsa. Da yake Ciyaman bai san sunayen jarirai ba a wancan lokacin, da sana'ar iyaye ya rubuta su, har da ƙarin bayani inda ya ga dama.

"Layin farko, 'yar mai takalmi, shekara huɗu."

"Na'am," in ji Auta.

"Layi na biyu, ɗan direba, shekara uku, har yanzu yana shan yatsa."

"Na'am," in ji wata murya mai kauri daga kan kujeru biyu. Ɗakin ya fashe da dariya, yaron ya cusa kai cikin littafi.

"'Yan biyun mai shago, wata takwas, ba a bambance su."

"Har yanzu ma," in ji wani daga baya.

Haka ta bi su har sittin. Wasu an ce sun tashi daga unguwar, wata an ce tana wanke-wanke yanzu za ta zo. Jami'ar tana kira tana sa alama, tun tana danne dariya har ta daina dannewa. Da ta gama ta duƙa ta dubi guntayen tayar da ke ƙarƙashin teburan, ta dubi Basilla, sannan ta fita.

A waje ta zauna kan benci ta buɗe biro. Basilla ya gama ɗinkin cikin minti biyu.

"An ce in ƙirga yara talatin," ta ce. "Na ƙirga arba'in da shida, kuma su ne ainihin waɗanda kuka nema wa ɗakin. Zan rubuta haka. Zan kuma rubuta shekarunsu na yau, da bakwai ɗin safe, don ni ba na rubuta abin da ban gani ba. Zan ce a ganina ɗakin karatu unguwar nan take bukata da yamma. Abin da na sama za su yanke, ba a hannuna yake ba."

"To makullin fa?" in ji Basilla.

"Yana wurinku har sai sun amsa."

"Yaushe za su amsa, ranki ya daɗe?"

Ta ɗaga kai ta dube shi ta saman gilashi.

"Kai da ka jira shekara goma sha biyu kake tambayata?"

Ciyaman ne ya fara dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya, har da buga cinya. Basilla ya bi shi. Yau ce rana ta farko da ya ji yana yi wa jinkirin ofis fatan alheri.

Ta sa takalminta ta taka ta ji daidai. Kafin ta shiga tasi ta juyo ta ce, in da ita ce su, yau za ta rubuta sabuwar takarda, ba ta abin da suke bukata yanzu ba, ta abin da za su bukata ranar da amsar za ta iso.

Kwamiti ya zauna ran Asabar a kan maganar. Ciyaman ya ɗauki biro ya ce kowa ya kawo shawara. Basilla ya dubi wayarsa ya ce nan da shekara goma sha biyu waɗannan da ke duƙe a ɗakin su ne masu goyo, don haka a adana kujerun da kyau, za su yi rana.

"Mu kuma a lokacin," ya ce, "abin da za mu nema benci ne mai wurin jingina, da ɗakin awon hawan jini, da wanda zai riƙa karanta mana rubutun jikin magani."

"Ka yi maganar kanka," in ji Ciyaman, yana matso da takardar daf da hancinsa don ya ga layi. Duk da haka ya rubuta, har ya ƙara da cewa matakalar ɗakin ta cika tsawo.

Bayan kwana biyu Auta ta zo rumfar da sandal ɗinta a hannu, ta ce ya fara cinyewa, tana son sabo kafin jarrabawa. Basilla ya zaro kwalinta ya ajiye a ƙasa, ta ɗora ƙafa, ya duƙa ya zagaye ta da biro kamar yadda ya saba. Ta ɗaga ƙafar, ya nemi sabon zanen ya rasa. Ya ce ta sake ɗorawa, ta motsa ne. Ya sake zagayewa a hankali, biron ya sake bin kan zanen bara, bai kauce ko kaɗan ba.

"Baba, ƙafar ta tsaya," in ji ta. "Tun bara lamba ɗaya nake sawa, kai ne ba ka lura ba."

Ya zauna da kwalin a hannu yana kallon ɗan zanen tsakiya, wanda bai fi tafin hannunsa ba. Shekara da shekaru yana mitar yarinyar nan ba ta barin takalmi ya tsufa a ƙafarta, yau kuma da ta daina, sai ya ji abin ya sosa masa rai. Ya yi murna, ya kuma ji kewarta tun tana tsaye a gabansa.

"Baba, makullin."

Ya ciro shi daga ƙusa ya miƙa mata. Ta tsallaka titi, ta buɗe ƙofa, ta cire takalmi ta jera a gefe ta shiga. Ya kai hannu zai mayar da kwalin jikin waya, sai ya fasa. Ya goge shi da gefen rigarsa, ya buɗe akwatin da yake ajiye allurarsa ya sa shi a ciki, sannan ya jawo fata ya fara yanka mata sandal.